Maƙeri da Tsatsa

Ƙarfe yana da abokan gaba biyu a Birnin Ƙonni, rairayi da tsatsa. Rairayi yana cin ƙarfe lokacin da yake aiki. Tsatsa kuwa tana jira sai an ajiye shi. Damina ɗaya ta ishe ta. In garma ta kwana waje daga Yuni zuwa Satumba, za a tarar ta yi ja kamar ƙasar jigawa.

Kayan noma na ƙarfe suna da yawa a wannan ƙasa. An gina madatsun ruwa biyu a kan kwarin Maggiya, na Mozage da na Zango. A 1982 aka gama babban filin noman rani na Ƙonni, wanda ya fi hekta 2000. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita aka ba kula da irin waɗannan filaye. A Tawa kuma ma'aikatar ACREMA ta ƙera garmunan shanu da amalanke, aka raba wa manoma. Wasu daga cikin kayan nan sun tsufa tare da masu su. In sun lalace, wurin maƙeri ake kai su.

Akwai wani tsohon maƙeri a garin, yana aiki da jikansa ɗan makaranta. Garma da amalanke su ne abincinsu na kullum. Amma wata bazara wani manomi ya kawo musu abin da yaron bai taɓa gani ba: injin yankan ciyawa, irin wanda shanu ke ja. Irinsa ba shi da yawa a Nijar, inda lauje ne sarkin yanka. Injin yana da ƙafa biyu na ƙarfe da doguwar sanda a gefe. A jikin sandar akwai haƙora masu tsini, a jere kamar yatsu. Wuƙa tana kai da komo a tsakaninsu, tana datse ciyawa kamar almakashi. In shanu sun ja, ƙafafun ne ke juya komai. A Amurka wani mutum mai suna Obed Hussey ya yi rajistar inji mai irin wannan wuƙa a 1833, Cyrus McCormick ya yi tasa a 1834.

Wannan dai ya daɗe a bayan rumbu. Ba abin da ke motsi a jikinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun taya shi a kan kilo. Manomin kuwa yana da shanu huɗu, kuma ya san tsadar ciyawa a watan Afrilu da Mayu. Ya ce in injin zai tashi, to; in ba zai tashi ba, a bar wa masu sikeli. Ga wahalar: ba a sayar da kayansa a kasuwar Ƙonni, ba a sayar da su a Illela ta Najeriya. Abin da ya karye ya karye ke nan.

Ranar farko tsohon bai taɓa sifana ba. Ya ba yaron burushin waya, ya ce ya goge kowane noti har ƙarfe ya fito. Sa'an nan ya ɗiɗɗiga gazuwal a kansu. Ya naɗa wa manyan tsumma, ya jiƙe tsumman. Ya koma ƙirar fartanya.

Yaron ya ce, «Kaka, shi ke nan?»

«Shi ke nan. Sai jibi.»

«Ko dai ƙarfinka ne ya ƙare?»

Tsohon ya yi dariya, ya ce, «Kai da ke zuwa lakwal, gaya mini, mi ya riƙe notin ga?»

Yaron ya san amsar, don an koya musu. Tsatsa tana fitowa ne in ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijan. Kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, ninki biyu ko fiye. Tsakanin noti da ƙusarsa akwai ɗan sarari wanda ido ba ya gani. Tsatsa tana kumbura a ciki, ta cika shi, ta matse su biyun kamar abu ɗaya. Mai kauri ba ya shiga wannan sarari. Gazuwal da kananzir ba su da kauri, suna bin zanen ƙusa a hankali, kamar yadda ruwa ke hawa lagwani. Amma suna son lokaci.

A rana ta uku tsohon ya ɗauki ƙaramar guduma. Ya tokare noti da masaba ta baya, ya riƙa bubbuga gefensa, ba da ƙarfi ba. Bugun yana fasa tsatsar ciki. Sai ya sa sifana wadda ta kama notin daidai. Sifana mai sako-sako tana cinye kusurwoyi, noti ya koma kamar ɗan goro, ba inda za a kama. Abin da ya ba yaron mamaki shi ne, tsohon ya fara ɗaure notin kaɗan kafin ya kwance. Ya yi gaba, ya yi baya, ya ƙara mai. Wani jan ruwa ya riƙa fitowa. Noti tara suka fita a haka kafin azahar. Yaron yana jera su a kan tabarma, kowane kusa da abin da ya fito daga jikinsa, don kada a rikice ranar mayarwa.

Biyar suka ƙi. Waɗannan sai wuta. Tsohon ya cire tsumman, ya goge man sarai, ya kai galan ɗin gazuwal can nesa. Mai da wuta ba sa zama wuri ɗaya. Yaron ya kama zugazugi. Aka ɗora garwashi kewaye da notin kaɗai. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi. Noti ne a waje, shi ke fara jin wuta, sai ya buɗe ya saki ƙusar da ke ciki. Uku suka fita suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na huɗu ya ƙi mai, ya ƙi wuta. Manomin yana nan tsaye. Ya ce a zura dogon bututu a hannun sifana, mutum biyu su danna. Tsohon ya ƙi. Ya karkare bakin ƙusar da wuƙa, ya duba zanen da kyau. Ashe na hagu ne. A wasu wurare masu juyawa ana sa irin wannan noti, don kada juyin ya kwance shi. Fedar keke ta hagu ma haka take. Duk wanda ya murɗa shi yadda aka saba, ƙara ɗaure shi yake yi. Tsohon ya murɗa dama, notin ya taho.

Na biyar ba noti ba ne ma. Guntun ƙusa ne, wanda wani ya karya tuntuni a cikin akwatin giya. Akwatin ƙarfen zubi ne. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi kamar tukunya, don haka ba a dukansa. Aka kira mai walda. Ya ɗora sabon noti a kan guntun, ya cika cikinsa da walda. Zafin ya girgiza tsatsar, sifana kuma ta sami abin kamawa. Da ya huce, aka murɗa, guntun ya fito.

Saura wuƙar. Ba guda ɗaya ba ce. Ƙananan wuƙaƙe ne masu kusurwa uku, faɗin kowace bai kai santimita 8 ba, an kafe ta da ƙusa biyu masu dakakken kai. Tsohon ya hana yaron sa yatsa tsakanin haƙoran. Wuƙar da ta maƙale takan saki farat ɗaya. Kuma raunin da ƙasa ko kashin shanu ya shiga yana iya kawo tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora. Da katako aka buga wuƙar har ta zaro. Waɗanda suka cinye, aka datse kan ƙusarsu da kurfi, aka ƙera sababbi da tsohon ƙarfen mota. Sandar da ke tura wuƙar ta itace ce, gara ta gama da ita. Yaron ya ce a yi ta ƙarfe. Tsohon ya ce a'a: in wuƙa ta ci karo da dutse, gwamma itace ya karye, giya ta tsira. Suka sassaƙa ta aduwa.

A ƙarshen Satumba aka ɗaura wa injin shanu biyu a wata fadama. Da farko shanun sun tsorata da ƙarar wuƙar, sai da aka riƙe su ta gaba. Daga nan ciyawa ta fara kwantawa layi-layi. Sau biyu wuƙar ta toshe inda ciyawar ke da danshi, aka tsaya, aka ja da baya, aka zare ta da sanda. Yaron yana biye da gwangwanin baƙin mai, yana ɗiga wa haƙoran duk bayan zagaye uku.