Tsakanin Dutse Da Ruwa: Mu Leƙa Ƙasar Kazaure

 Yau ba zancen lalle ko girki za mu yi ba. Takalmi za mu ɗaura mu fita bayan gari, don Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Inda muka dosa kuwa ba nesa ba ne, ƙasar Kazaure ce a Jihar Jigawa, kimanin kilomita 80 arewa da Kano a kan hanyar Daura.

Amma kafin mu isa, bari in ba ki labarin wani wasa da zai sa ki riƙe baki. A ƙasashe masu manyan tsaunuka akwai masu yin gudu a kan turbar daji, ba a kwalta ko filin wasa ba. Su hau tsauni, su gangara kwari, su kewaye tafkin da ke can ƙololuwa, sannan su dawo daidai inda suka tashi. Irin waɗannan tafkuna ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurbinsu tun zamanin da, ruwansu garau kamar madubi, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Akwai ɗaya a saman garin Chamonix na Faransa da ake kira Lac Blanc, wato Farin Tafki, yana sama da mita 2,300 daga doron teku. A irin wannan tsayi iska ba ta ƙosar da huhu, taku kaɗan sai haki. Daga wannan garin ne kuma tun 2003 ake tashi gasar kewaye tsaunin Mont Blanc, kimanin kilomita 170, a ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, dare da rana ana abu ɗaya. Tabɗi!

Na san za ki ce, "To mu ina ruwanmu? Wannan ai sai Turawa." Ki dakata tukuna. A nan maƙwabtanmu Kamaru akwai Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta cinye gasar hawa Dutsen Kamaru har sau bakwai, dutsen da ya haura mita 4,000. A ƙasar Nepal kuma akwai Mira Rai, 'yar ƙauye ce da ta tashi tana ɗebo ruwa tana dakon shinkafa zuwa kasuwa. A 2014 ta shiga tseren kilomita 50 ba tare da wani shiri ba, a 2015 sai ga ta a Chamonix ta zo ta ɗaya a tseren kilomita 80. Ko a Nijeriya an fara gasar hawa tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005. Yanzu ki dubi 'yar Achilafiya ko Gwiwa da ke sammakon itace, ko 'yar Fulanin da ke kai nono kasuwa da ƙwarya a ka. Wace ƙafa ce waɗancan suke da ita da babu a nan?

Dutsen ma muna da namu daidai gwargwado. Idan kin baro Kano, ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma har ki wuce Dambatta. Kina dosar Kazaure sai ki ga ta fara tattarewa, tuddai suna tasowa dama da hagu, ga jan tsakuwa, ga jerin duwatsu sun miƙe kamar bayan raƙuma a ayari. Wadda ta taso daga Achilafiya a ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ko daga yashin Babura, ita ma za ta ga wannan canji da idonta. Ta wajen Roni kuwa abin sai wanda ya gani.

Sunan garin ma daga duwatsun ya samo asali. Masu ba da tarihi sun ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin, sai aka ce wajen kamar zaure, saboda yadda tuddai suka yi masa ƙawanya. Daga "kamar zaure" aka samu Kazaure. Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar wajajen 1819, ɗansa Dambo kuma ya mayar da Kazaure hedikwata. Duwatsun da suka zama garkuwa a zamanin yaƙi su ne yau abin kallo. A tsakiyar wannan zaure kuma ga ruwa kwance, wato Dam ɗin Muhammadu Ayuba. To kin ga dutse da ruwa sun haɗu, saura ƙafa.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, da sassafe, rana ba ta yi ba. A gefen ruwa za ki tarar da masunta a kwalekwale, masu lambu suna ban ruwa, balbelu sun yi fari fat a bayan shanu. Nan ƙasa a kwance take, sai ki ɗan sassarfa jiki ya ɗumama. Ki kuma shirya wa tambaya, don a ƙasar Hausa ba a gudu sai da dalili. Wata dattijuwa za ta tsaya ta ce, "'Yan nan lafiya? Wa ya biyo ku?" Ki rusuna ki ce, "Ina kwana Inna, lafiya lau, motsa jiki muke." Ko ta girgiza kai, za ta sa muku albarka.

Da turba ta fara hawa, nan ake gane 'yar gaske. Kada ki ce sai kin hau da gudu. Gwanayen duniya ma idan hawa ya yi tsauri tafiya suke yi, su dafa gwiwa da hannu, su rage faɗin taku. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za ki iya yi wa ƙawarki magana ba saboda haki, kin wuce gejinki, ki sassauta. Sannu ba ta hana zuwa. In kin kai sama ki waiwaya, ga ruwa yana ƙyalli a ƙasa, ga rufin kwano na gari, ga kukoki da gawo a warwatse cikin gonaki, iska tana kaɗa miki mayafi. Wallahi gajiyar sai ta bi ruwa.

Gangara kuwa ita ce mayaudariya. Ana ganin ta fi sauƙi, alhali a nan aka fi targaɗe, don tsakuwa tana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa, cinya ce kuma ke riƙe nauyin jiki duka. Ki sa ido taku biyu ko uku a gabanki, ki riƙa gajeren taku, ki saki hannuwa. Washegari in kin ji cinya ta yi tsami, ba wani abu ba ne, gangarar ce.

Ga kuma babban sirrin zagaye, wanda ya bambanta shi da je-ka-ka-dawo: ba shi da yanke. In kin kai rabi, komawa da ci gaba duk ɗaya ne, ruwa kuma yana tsakiya. A nan ne gajiya ke raya wa mutum ya ratsa ta inda ya ga kamar ba zurfi. Don Allah kada ki kuskura! Ƙasan dam ba daidai yake ba, akwai ramuka da laka mai riƙe ƙafa, zani kuma in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe mutum. Ban da haka, ruwan da ke kwance shi ne matattarar tsargiya, ta fata take shiga. Ruwan nan na kallo ne. Shi ya sa ake lissafi tun daga gida: ki fara da ƙaramin kewaye na minti 30 ko 40 a gindin tudu ɗaya, ki ƙara a hankali mako bayan mako, ku kuma yanke lokacin juyawa kafin ku tashi.

Masu gudun tsaunukan Turai sanyi suke tsoro, mu kuwa rana ce abokiyar gabarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, wannan ba lokacin hawa dutse ba ne. Kowace ta riƙe gorar ruwanta, da ɗan dabino ko ƙuliƙuli a aljihu. Wadda ta ji jiri ko ciwon kai ta nemi inuwa nan take. A sa kambas mai kama ƙasa, ban da silifas. Wando mai yalwa da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi sun wadatar, ga sutura ga sakewa. Kada a zura hannu a kogon dutse ko a ratsa ciyawa mai duhu, saboda kububuwa da kunama. In tsautsayi ya gifta maciji ya yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana ta tafiya da ƙafarta, a ɗauke ta sai asibiti.

Sai maganar gida, wadda ita ce kan gaba. Kada ki saci jiki. Ki sami Umma da Baba ki yi musu bayani, ki faɗi inda za ku da lokacin dawowa. Ku tafi ku huɗu ko biyar, da yayanki ko malamarku, da wanda ya san turbar, don da ɗan gari akan ci gari. Ku kiyaye shukar mutane, ku kauce wa garke, ku dawo da ledojinku.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, yarinyar da ta fi kowa tsere a firamare, da ta fara girma sai a ce ta zauna, gudu ba na mace ba ne. Shekara 10 ba a yi ba sai ki ji tana kukan ƙafa da baya da nauyin jiki. Kunya ado ce, amma ba ta ce ki kashe jikinki ba. Ƙarfin da kika tara yau shi za ki ci a ɗakin jarrabawa, a gidanki, har ranar da goyo ya zo.

Saboda haka 'yan matan Kazaure da Roni da Gwiwa da Achilafiya, da na Babura masu zuwa ziyara, hutu mai zuwa a wanke kambas. Wadda ta je ta rubuto mana abin da ta gano. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.