Hannun Garmahon Mahaifina

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni kuwa a shekarar 1988, ina ɗan shekara tara, kan kujera na hau a ɗakin mahaifina a Jos, na kama hannun garmahonsa na murɗa, domin ina son in ga ko zai iya kewayawa har baya. Sai na ji ƙas! Da Baba ya dawo daga masallaci ya ga ɓarnar da na yi, bai doke ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya kwance karyayyen hannun, ya lulluɓe garmahon da wani tsohon zane, daga ranar kuma bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa a 2019. Da ya doke ni, da na daɗe da mantawa.

Garmahon nan ba irin mai ƙaho ba ne da ake wana wa da hannu. Garrard 301 ne, ƙirar garin Swindon na Ingila, wanda aka fara yi a tsakiyar shekarun 1950, gidajen rediyo kuma suka rungume shi saboda ƙarfin injinsa. Baba ma'aikacin injuna ne a wani gidan rediyo a Kaduna, a can ya saye shi da aka yi gwanjon tsofaffin kaya. Yana juya faifai a gudu uku: 33⅓, da 45, da 78 a minti. Abin da ban sani ba sai da na girma shi ne, inji da faranti kawai kamfanin yake sayarwa, mai saye shi zai nemo hannun da ya ga dama ya ɗaura. Ke nan hannun da na karya zaɓin Baba ne na kansa.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya waiwayi garmahon sai ni, auta. Tare da shi akwai faya-fayan Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Rex Lawson, sai kuma wani faifai guda a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, an rubuta 1961 a jikinsa. Wannan ba na kasuwa ba ne. Farantin alminiyam ne da aka shafe da wani baƙin fenti mai laushi, irin wanda ma'aikatan rediyo suke yanka murya a kai nan take kafin kaset ya yawaita. Baba ya ɗauki muryarsa a kai, ya aika wa Inna ana saura 'yan makonni bikinsu. Irin wannan faifai duk sa'ad da allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci shi, fentin kuma yana tsagewa da tsufa. Wata rana da yamma Inna ta ce mini, "Auta, ashe abin nan ba zai ƙara magana ba ke nan?" Shekarunta sun doshi tamanin a lokacin. Na san ba ni da sauran jinkiri.

Na ɗauki garmahon na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya san Baba. Ya zuba wa injin mai, ya sake robar da take juya farantin, ya kasa kunne, ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce, "To, Baba, sai mu nemi hannu mafi tsada mu ɗaura." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tsada ba ta da amfani a nan. Wace allura za ka sa, wane faifai kuma za ka ji? Amsa wannan tukuna."

A wurinsa na fahimci cewa aikin hannu shi ne ya riƙe gidan allura daram, ya kuma bar allurar ta bi tsagin faifai ba tare da ya tilasta mata ba. Allurar tana kan wani siririn tsinke, tsinken kuma yana zaune a kan 'yar roba. Wata robar tana da laushi, wata tana da tauri. Idan aka haɗa hannu mai nauyi da roba mai laushi, sai hannun ya riƙa lilo duk inda faifai ya ɗan karkace, har allura ta yi tsalle. Idan kuma aka haɗa hannu sakayau da roba mai tauri, sai sautin ya gurɓace, allura ta riƙa dukan bangon tsagi. Masana sun daidaita a kan cewa karkarwar da hannu da roba suke yi tare ta tsaya tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wato ƙasa da abin da kunne yake ji, sama kuma da tangaɗin faifai. Na tuna yadda muke ɗora kwabo a kan allura idan faifai yana tsalle, muna ganin dabara ce, ashe noma muke yi a cikin tsagin. Dattijon ya ce garmaho mai ƙaho yakan danna allurar ƙarfe da nauyin da ya haura giram 100, shi ya sa Baba ya gwammace faifan Inna ya yi shiru shekara da shekaru da a sa shi a kan na maƙwabta.

Hannaye uku muka auna. Na farko Rega RB300, wanda ya fito a 1983. Bututunsa zubi ɗaya ne tun daga gindi har baki, yana da ƙarfi, ga sauƙin samu. Sai dai bakinsa ba ya kwancewa, ni kuwa ina bukatar allura iri biyu, domin tsagin faifai mai gudun 78 ya ninka na 33⅓ faɗi wajen sau uku ko huɗu, siririyar allura kuma ƙasan tsagin take faɗawa ta yi ta ƙarza. Kwance ƙusoshi da ƙananan wayoyi duk lokacin da zan sauya faifai hanya ce ta sake yin ɓarna, ni kuwa na san hannuna.

Na biyu SME 3012, mai tsawon inci 12. Shi ne ya fi ba ni sha'awa. Dalili kuwa, wuƙar da take yanka faifai a miƙe take tafiya daga baki zuwa tsakiya, alhali hannu mai gindi ɗaya baka yake zanawa, saboda haka a wuri biyu kacal allura take zama daidai da tsagi. Gwargwadon tsawon hannu, gwargwadon raguwar wannan karkata. Amma da muka gwada da ma'auni, sai muka ga akwatin katakon da Baba ya ƙera da kansa ba zai ɗauke shi ba, sai an sake wani. Ban iya rabuwa da akwatin ba.

A nan ne dattijon ya sa yatsa a ramin da tsohon hannun ya bari. Ramin dogo ne kamar ƙwai. Ya ce kamfanin SME ne yake yin gindi mai zamewa gaba da baya, wanda yake bukatar irin wannan rami, tun da ya fitar da hannunsa na 3009 mai inci 9 a 1959. To, shi ma iri-iri ne. Akwai wanda aka rage wa nauyi a farkon shekarun 1970 saboda allurai masu laushin roba da ake yayi a lokacin, akwai kuma Series II na 1962, wanda ya fi shi nauyi, bakinsa yana kwancewa da murɗawa ɗaya, ya kuma dace da allurai masu ɗan tauri irin waɗanda faya-fayaina suke so. Shi na zaɓa. Wani tsohon ɗalibina da yake karatu a Ingila ya samo mini na hannu, kuɗinsa ya cinye mini albashin wata guda, maiɗakina kuma ba ta ce uffan ba, Allah ya saka mata.

Kwana biyu muka yi muna ɗaurawa. Muka daidaita tsayinsa, muka zame gindin har allura ta faɗa kan alamomin takardar awo, muka rataya ɗan ƙarfen nan mai zare da yake hana hannu rinjaya zuwa tsakiya. Muka gwada da faifan Ɗan Maraya, kuntigi ya fito tas. Sa'an nan muka sa faffaɗar allura, muka tsayar da nauyinta a giram 3, muka jona garmahon da kwamfuta, domin dattijon ya ce bugun farko shi ne mafi kyau da zan taɓa samu, kada in bari ya tafi a iska.

Ran Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa wa Inna darduma. Da na ɗaga hannun sai na ga yatsuna suna rawa, na koma ɗan shekara tara. Na yi bisimilla na sauke shi a hankali. Aka ji shuu, aka ji ƙas-ƙas, sai ga muryar wani saurayi, siririya, yana sallama, yana in'ina, yana ba da labarin ɗakin da ya kama da gadon ƙarfen da ya saya bashi. Minti uku bai cika ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, can ta ce, "Gadon nan sai da muka shekara biyu muna biya."

Ta ce in sake sawa. Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, ga shi nan a kwamfuta, shi faifan ƙarewa yake yi." Ta saurari na kwamfutar sau uku, ta ce murya dai tasa ce, amma ita ta fi son ta ga abin yana juyawa. Muka yi yarjejeniya: sau ɗaya a shekara, ranar Ƙaramar Salla. Na mayar da faifan cikin ambulansa, na kulle hannun a mazauninsa, na kuma ɗaga garmahon na ɗora a kan kabad, domin ƙaramin ɗana ya tsaya a bakin ƙofa tun ɗazu yana kallon hannun. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.