Kulki Da Alƙalami

A garin nan namu na Gombe, kadan yaro ya ce wa iyayensa likita ya ke so ya zama, sai ka ji ana ta sa masa albarka. In ya ce malanta, a ce madalla, Allah ya ba da haƙuri. Amma ran da ya ce shi jami'a za shi ya karanta aikin ɗan sanda, sai gida ya yi tsit, can wani ya nisa ya ce, "Aikin ɗan sanda har karanta shi a ke yi?" Galibin mutanenmu sun ɗauka aikin nan tsawo ya ke bukata, da faɗin ƙirji, da murya mai ban tsoro. Ni kuwa a ganina, in ka ɗebe aikin alƙali da na likita, babu aikin gwamnati da ya fi shi bukatar karatu. Dalilin da ya sa na ce haka shi na ke so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, gama maganar ta shigo har cikin gidanmu.

Ƙanena mai bi mini ya gama sakandare, ya ce shi ba inda za shi sai Wudil. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dukku da Darazo zuwa Kano ya ratsa garin. A can Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda ta ke. An kafa ta a 1988, ta fara zaman aro a Challawa da Kaduna, sa'an nan ta koma mazauninta na Wudil a 1996, watau shekarar da aka yanke Jihar Gombe daga Bauchi. A 2012 aka ɗaga ta ta zama jami'a mai ba da digiri, ta ɗauki rukunin farko a 2013, suka fita cikin Disamba 2018. Shekara biyar a ke yi. Yaro zai karanta shari'a, ko ilmin zaman jama'a, ko ilmin halayyar ɗan Adam, ko lissafin kuɗi, ko kwamfuta, ko kimiyyar binciken laifi, ga kuma fareti da horo kullum. In ya gama ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, muƙamin da a ke kira ASP. Kurtu kuwa da takardar sakandare a ke ɗaukarsa, a yi masa horon 'yan watanni a Kaduna ko Maiduguri ko wata kwalejin, a ba shi kaki.

Baba ya ce bai yarda ba. Kada kuwa mai karatu ya zaci ƙin boko ne, domin shi ya sayar da bijiminsa ya biya mini kuɗin shiga kwalejin nan. Yana da dalilinsa, kuma mai nauyi ne. Tun ba a haife mu ba, lokacin yana fataucin hatsi, wani ƙanensa ya ci bashi a wani gari ya gudu. Da aka neme shi aka rasa, sai aka kama Baba a madadinsa. Ya kwana biyu a bayan kanta ba takalmi ba hula, sai da ya biya bashin da bai ci ba, ya kuma biya kuɗin beli, kana aka sake shi. Bai cika ba da labarin ba, amma har yau in ya hangi kaki a bakin hanya sai ya sake hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin mamaki kuwa, mahaifin Baba ɗan doka ne na En'e ta Gombe. Na tarad da shi da rai ina ƙarami, tsoho mai dogon wuya, ba ya zama sai a miƙe. Yara na yanzu ba su san 'yan doka ba, saboda haka bari in ɗan tsaya a kansu. Kafin Turawa, dogaran sarki su ne masu kamu da tsaro. Turawa suka zo da nasu, waɗanda asalinsu ke komawa ga dakarun Hausawa da aka tara a Ikko tun wajen 1860 da 'yan kai. A 1930 aka haɗa na Kudu da na Arewa suka zama 'yan sandan Nijeriya. Amma a ƙasar Arewa aikin yau da kullum, na kasuwa da haraji da kai sammaci, yana hannun 'yan doka, su kuwa na En'e ne, sarki ke da su. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a 'yan shekaru kaɗan.

Kakanmu bai wuce elementare ba, amma ya san garin nan kamar tafin hannunsa. In aka yi sata a Bolari, ya kan ce kafin azahar ya san ɗan gidan wa ke da hannu, domin ya san wanda ya kwana da yunwa, ya san wanda ya ɗinka sabuwar riga ba sana'a. Wannan ilmi ne, ba kuwa ƙarami ba. Sai dai fa ɗan doka bai san iyakar ikonsa ba, ba a kuma koya masa cewa yana da iyaka ba. Abin da na sama ya ce shi ne doka. Dattawan da suka yi NEPU a zamanin siyasar farko har suka mutu ba su bar ba da labarin abin da suka gani a hannun 'yan doka ba. Da na girma na haɗa labarin kakanmu da na Baba, sai na ga ciwo ɗaya ne: mutum ne aka ba kulki ba a ba shi littafi ba.

To, ga abin da na ce wa Baba, da ladabi, bayan sallar isha'i, na kuma sa Inna ta zauna kusa don ta taya ni. Na ce, "Baba, abin da aka yi muku, yau doka ta hana shi ƙarara." Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1943, ta hana a kama mutum a madadin wani. Ta hana a kama mutum don bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki, wannan maganar kotu ce. Tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya ce a sanar da shi laifinsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. Yana da ikon ya yi shiru har ya ga lauya. Wata doka ta 2017 ta mai da azabtarwa laifin da a ke ɗaure ma'aikaci a kansa. Beli kuwa a caji ofis kyauta ne, an ma rubuta a bango. Baba ya saurara har na gama, ya ce, "A takarda." Na ce gaskiya ne, a takarda. Amma takarda ba ta tashi ta yi aiki da kanta, sai an sami wanda ya karanta ta, ya fahimce ta, ya ke kuma zaune a kujerar da in ya ce a saki mutum a sake shi. In 'ya'yan mutanen kirki duk suka ƙi kujerar, ba za ta zauna wofi ba, wani zai hau.

Mu da ke koyon malanta ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wa bai taɓa ganin malamin da ba a horar ba? Ya shiga aji, yaro ya kasa karatu, ba shi da wata dabara sai bulala, domin ita kaɗai ya sani. Mu kuwa shekara uku a ke tsare mu a nan ana koya mana yadda hankalin yaro ke girma, da yadda a ke shirya darasi, da yadda a ke gane mai ciwon ido daga malalaci, don ran da muka tsaya gaban allo mu sami abin yi ban da duka. Haka ɗan sanda. An kawo masa wanda a ke tuhuma, in bai san yadda a ke tsare wurin da aka yi laifi ba, bai san ɗaukar zanen yatsa ba, bai san bin sawun waya ko na kuɗin banki ba, bai iya tambayar shaida ta hanyar da gaskiya za ta fito ba, me ya rage masa? Sai ya rufe ƙofa ya nemi mutum ya amsa da bakinsa. Sa'an nan a je kotu lauya ya rushe maganar cikin minti goma, mai laifi ya fita yana dariya, marar laifi kuwa ya riga ya sha wuya a banza. Fushin da ya fito da samari kan titi cikin Oktoba 2020, har aka rushe rundunar SARS, daga irin wannan ɗaki ya taso.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Gombawa. Kowa ya san sunan 'yan Kalare. Tun farkon shekarun 2000 a ke jin su, har ƙungiyar Human Rights Watch ta Amurka ta rubuta labarinsu a 2007, ta nuna yadda 'yan siyasa ke ɗaukar su aiki lokacin zaɓe su watsar bayan an gama. An sha kama su. Amma yaron da ya bar makaranta a aji huɗu, ba sana'a, ba mai tambayar inda ya kwana, in ka kama shi ka sake shi ina zai koma? Jami'in da ya karanta ilmin zaman jama'a zai tambayi wa ke sayen addar, wa ke kawo ƙwayar, wa ke zuwa beli da daddare. Zai san ya kamata ya zauna da mai unguwa da liman da hedimasta. Haka nan bama-baman da suka tashi a tashar Dukku cikin Disamba 2014 da babbar kasuwa cikin Yuli 2015: irin wannan ba ƙarfin damtse ke tare shi ba, sai tattara labari da haɗa shi da nazarinsa, aikin mai alƙalami.

Ba na ce digiri wankan tsarki ne ba. Mun ga masu digiri biyu da ke karɓar na goro, mun kuma ga kofur da bai wuce sakandare ba wanda unguwa guda ke yi wa addu'a. Ko a Ingila, inda aka fara 'yan sanda irin na zamani a Landan a 1829, sun ɗora wa sababbin kurata sharaɗin digiri, sai ga shi a 2022 gwamnatinsu ta ce a sake buɗe ƙofa ga marasa shi. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne girman kai. Yaro ɗan shekara ashirin da uku ya fito da anini, a ɗora shi kan saje mai furfura wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana sintiri, in bai yi hankali ba sai ya raina ilmin sajen, alhali irin na kakanmu ne, ba a samunsa a laburare. Jihar nan kuwa ba wurin garaje ba ce. Ga Fulani, ga Tangale, ga Tera, ga Waja, ga Bolawa, ga Tula, ga masallaci ga coci. Rikicin gona tsakanin makiyayi da manomi, wanda ya san mutanen zai kashe shi a gindin bishiya, wanda bai san su ba zai hura shi da motar sintiri. Shi ya sa na ce wa ƙanena in Allah ya kai shi, duk hutun da ya zo ya riƙa zama a zauren mai unguwarmu yana jin yadda a ke sulhu.

Wudil ba ita kaɗai ce ƙofa ba, gama wuraren kaɗan ne, masu nema daga kowace jiha kuwa ba iyaka. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 tana koyar da ilmin zaman jama'a. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana ba da digiri kan nazarin laifuffuka da tsaro, haka ma Jami'ar Tarayya ta Dutse. Mai irin wannan takarda yana iya jiran ran da za a ɗauki masu digiri, ko ya nemi kwastan, ko shige da fice, ko gidan gyaran hali, ko EFCC. Malam Nuhu Ribadu shari'a ya karanta a Zariya kafin ya sa kaki, shi ne kuma ya fara shugabantar EFCC a 2003. Wanda zai fi burge 'yan kwalejin nan kuwa shi ne Usman Alkali Baba, mutumin Gaidam, Sufeto Janar daga 2021 zuwa 2023. A Kwalejin Horon Malamai ta Fataskum ya fara, ya sami takardar malanta, sa'an nan ya tafi Jami'ar Bayero. Watau a irin bencin da mu ke zaune ya zauna.

Baba dai bai ce i ba, amma ya daina cewa a'a, wanda ya san dattawanmu kuwa ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da za a yi rajistar JAMB ya miƙa wa Inna kuɗin, ya ce ta ba yaron, bai faɗi na mene ne ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar muhawara su sa maganar nan cikin jerin na zangon gaba, su kuma gayyato wani jami'i da wani lauya su zauna su ji, a bar ɗalibai su yi musu tambaya a kan beli da kamu. Da yawanmu ƙauye za a tura mu koyarwa, inda malami shi ne mai karanta wa mutane sammaci in ya zo. Ni zan tsaya a ɓangaren masu cewa a karanta. Abokina na ɗaki, wanda ya ce ɓata shekara biyar ne, ya riga ya ce zai tsaya a ɗaya ɓangaren, muna neman mutum biyu biyu su cika mana.