Na'urar tiyata tana gani, amma ba ta san abin da ka sha ba

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda uwargida ke sayen kayan miya a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi? Ba ta yarda da ido kaɗai. Sai ta ɗan matsa tumatir ta ji ko ya fara lalacewa, ta ƙwanƙwasa kankana ta saurara. Haka likitan tiyata yake. Da yatsunsa yake gane inda nama ya yi tauri, da iyakar ƙarfin da zai ja zare kada ya tsinke.

To, yanzu akwai tiyatar da hannun likita ba ya taɓa cikin majiyyaci. Ana huda ƙananan ƙofofi a ciki, a zura siraran kayan aiki da kyamara, likita ya zauna gefe yana sarrafa hannuwan na'ura. Wadda ta fi shahara ita ce da Vinci, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a shekarar 2000. A 2025 aka fara aiki da irinta a wani asibiti mai zaman kansa a Legas, wajen tiyatar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Kyamararta kan ninka girman abu har sau 10, ta nuna zurfinsa. Na'urar kuma tana tace rawar hannun likita. Abin da ta daɗe ba ta da shi, shi ne jin taɓi, don haka da ido likita ke kintatar ƙarfin da ya sa. A 2024 aka fito da samfurin da Vinci 5, mai auna turi da ja a bakin kayan aikin, ya mayar wa likita a yatsunsa.

Ni da nake sana'ar harhaɗa magunguna, abin da ya fi jan hankalina wani koren rini ne da ake kira ICG. Ana yin allurarsa ta jijiya, ya bi jini, sai a haska wani haske da idon mutum ba ya gani. Nan take inda jini ke gudana zai yi kore shar a allo, likita ya san naman da ke da rai kafin ya ɗinke. Hanta ce ke fitar da shi daga jiki. Amma akwai sinadarin aidin a cikinsa, don haka wanda aidin ya taɓa tayar wa borin jini dole ya faɗa.

Nan gizo ke saƙar. Duk ƙwarewar na'urar nan, ba ta san abin da Baba ya sha a gida ba. A kantin magani nakan ga dattijon da aka sa wa ranar tiyata, da na tambaye shi sai ya ce ba ya shan komai. Da hira ta yi nisa, sai asfirin ya fito, da diklofenak na ciwon gwiwa, da jiƙon da ya saya wajen masu talla da lasifika. Asfirin da wafarin suna hana jini saurin daskarewa. Jiƙon kuwa, babu wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Saboda haka, ko a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa za a yi wa naka aiki da hannu, ko a Legas da na'ura, ka tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na gargajiya, ka ajiye gaban likita tun ranar da aka fara maganar tiyata. Kada ku dakatar da wani magani da kanku, likita ne zai faɗi wanda za a bari da ranar da za a bar shi. Idan Baba na jin nauyin faɗa, kai ka faɗa a madadinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.