Ashe Ba Yunwa Ba Ce

 Wata uku 'yar autata tana kukan ciwon ciki a nan Diobu, Fatakwal. Ta rame, ga fari fat kamar ba jini a jikinta. Na kira Hajiya a gida, ta ce tsutsar ciki ce, a jiƙa mata kanwa. Wani abokina a Anacha ya ce ai olsa ciwon manya ne, yunwa ke kawo shi.

Da muka je asibiti aka gwada bayan gidanta, likita ya ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce. Takan shiga tun ana yara, ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ko daga bakin babba zuwa na yaro. Tana laɓewa cikin majinar da ke kare bangon tumbi, ta fitar da sinadarin da ke kashe kaifin ruwan tsamin ciki a kewayenta. Sannu a hankali bangon ya kumbura, wani lokacin har ya zama gyambo, jini ya ragu. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005.

Jikina ya yi sanyi, domin ni da kaina nakan tauna mata nama tun tana ƙarama.

Ta sha magani kwana 14, yanzu tuwo sai an ce ya isa. Don Allah in ciwon cikin yaro ya daɗe, a kai shi gwaji. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.