Ranar da Aka Yi Mini Wankin Ciki

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ban san nauyin wannan magana ba sai ina aji uku a jami'a, muna zaune a unguwar Sabo ta Ibadan, lokacin da cikina na mako 11 ya ɓare. Jini ya ƙi tsayawa, ga zazzaɓi. Uwar mijina ta ce, "'Yar nan, bari in jiƙo miki saiwa, sauran zai fita da kansa." Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, a kai ni asibiti."

Likita ta bayyana mini cewa akwai ragowar ciki a mahaifa, idan aka bar shi zai iya ruɓewa ya sa guba a jini. Ta ce bakin mahaifa a tsuke yake, ba a buɗe shi da ƙarfi, domin yana iya yagewa. Aka ba ni ƙwayar misoprostol don ya yi laushi. Bayan 'yan sa'o'i aka yi mini allurar kashe zafi a gefensa, aka riƙa zura waɗansu sandunan ƙarfe, daga siriri zuwa mai kauri, har ya buɗe daidai shigar bututu. Da sirinji aka zuƙe ragowar. Duka bai wuce minti 15 ba, amma marata ta murɗa fiye da ta kowace al'ada.

Aka sallame ni da gargaɗin in kaurace wa shimfiɗar miji har mako 2, in kuma dawo maza idan jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya dawo, ko na ji wari. Al'adata ta dawo bayan mako 5.

Jiki ya warke kafin zuciya. A gidan suna na ji ana raɗa cewa ni na zubar da cikin saboda boko, tun da aikin iri ɗaya ne. Kafin in buɗe baki Iya ta juyo ta ce, "Ni na wanke zanen jinin da hannuna. Mai magana ta zo ta same ni."

'Yar'uwa mai karatu, kada tsoron bakin mutane ya hana ki asibiti. Allah ya sa wanda na rasa mai ceto ne.