Ƙarfen Kyauta da Dangwalen Yatsa

A Kossodo na tashi, kusa da mayankar Wagadugu. Danginmu mahauta ne, kuma a kan moto ake rarraba nama kasuwanni tun asuba, don haka karaya ba baƙuwarmu ba ce. Mai ɗori ake fara kira, ya ja ƙafa, ya jera karare, ya ɗaure. Sai ƙashi ya huda fata ko cinya ta karye ake nufar asibiti. Da yake ni ne ɗan lakwal, ni ke yin tafinta.

Da kawuna ya karye a cinya, an rubuta mana kuɗin ƙarfen da za a sa masa, ya fi ƙarfin gidan gaba ɗaya. Ana cikin jimami sai aka ce akwai na kyauta, in ya yarda ya shiga wani bincike. Aka miƙo takarda da Faransanci. Na fara fassarawa, ya katse ni: "Ɗana, zan taka ƙafar?" Likita ya ce da yardar Allah. Kawu ya dangwala yatsa. Babu wanda ya faɗi mai biyan kuɗin, mu ma ba mu ga fuskar tambaya ba. Wa zai tsaya binciken kyauta?

Ya warke, ya koma kwata. Sai da na girma na fahimci abin da takardar ta tsallake. Tun gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki ta ƙa'idojin binciken lafiya a 2000, haƙƙin wanda za a yi bincike a kansa ne a gaya masa daga ina kuɗin ya fito. Dalilin a fili yake. A 2007 kamfanonin Zimmer, DePuy, Biomet da Smith & Nephew suka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 311 kan zargin ba likitocin ƙashi kuɗi don su zaɓi kayansu. A 2010 DePuy ya janye ƙugun ƙarfe samfurin ASR bayan an dasa wa mutum wajen 93,000. Mu Hausawa kuwa ba ma bukatar dogon bayani: gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996, kan yara 200, ya jawo shari'ar da sai a 2009 aka sasanta da jihar kan dala miliyan 75.

Ban ce a ƙi kuɗin waje ba. Ba don shi ba, da kawu ya ƙare da sanda. Amma wanda zaɓinsa ƙarfen kyauta ne ko gurgunta, amincewarsa tana da rauni. Shi ya sa nauyin yake kan mai bincike da kwamitin da ya ba shi izini: su faɗi mai kuɗin da abin da zai samu, da harshen da majinyaci ke ji, ko bai tambaya ba.